Kwalbar Farko

Mako biyar kwalaben na kwance a ɗakin ƙasa,
cikin duhu da sanyi, ba mai ce musu uffan.
Ni kaɗai ke sauka da fitila kowace safiya,
ina kasa kunne kamar mai jiran ƙwai ya ƙyanƙyashe.

Yau Lahadi, an taso daga coci.
Ƙararrawa ta buga sha ɗaya, tsaunukan Bavariya suka maido mata amsa.
Kakana Korbinian na zaune a inuwar itacen da ubansa ya dasa,
hula a gwiwa, hannun dama na rawa.
Shekara arba'in da uku yana tuƙa alkama a tukunyar jan ƙarfe,
bana hannun ya ce ya gaji.
Ya ce, "Walburga, muciya ta koma wurinki."

Na ɗauraye doguwar tambulan da ruwan sanyi,
na karkata ta, na zuba sannu sannu,
kamar mai tuna wa aboki tsohon bashi.
Da ya rage yatsa biyu a gindin kwalba
na jujjuya ta, na tashi yistin da ya yi barci,
na tsiyaye shi a kai.
Sai gajimare ya sauka cikin ruwan zinariya,
kumfa ta hau, fara fat,
ta tsaya a baki, ta ƙi zuba.

Bai sha ba tukuna.
Ya ɗaga ta ga rana, ya kanne ido ɗaya,
sannan ya kai hanci, ya daɗe.
"Ayaba," in ji shi, "wadda ta kwana biyu a bakin taga."
Ko ɓawon ayaba babu a ciki,
yisti ne gwanin wannan ƙarya.
"Kanumfari ya makara, amma dai ya iso."

Muka haɗa gindin tambulan da gindi,
don bakinta siriri ne, ba ya jure gaisuwa.
Ya kurɓa.
Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka.
Wani ƙudan zuma ya zagaya teburin sau uku.
Quirin, mai gonar da aka girbe alkamar,
ya jingina da shinge, wai gyaran ƙusa yake.

Ni ma na kurɓa, don jira ya isa.
Sanyi ne ya fara sallama,
sai ƙananan allurai suka bi harshe da gudu,
sai taushi, irin na cikin burodi da ɗuminsa,
ɗan tsami a gefe,
ɗaci kuwa can baya, mai kunya,
ya leƙo ya koma.
Na ji gonar Quirin a watan Yuli,
na ji daren da na zauna gadin ma'aunin zafi
da bargo a kafaɗa.

"A dare na biyu ta yi ɗumi," in ji tsoho.
Ban musa ba. Barci ya sace ni
tsakanin ƙarfe uku da kukan zakara,
ban gaya wa kowa ba, ashe giyar ta gaya masa.

Ya gutsuri burodi mai gishiri, ya tauna a nitse.
"Tawa ta farko, aladu aka zuba wa.
Babbar ta shinshina, ta juya mini baya.
Kakarki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa."

Shi ke nan abin da ya ce.
Ya shanye, zoben kumfa ya bi gilashi hawa hawa,
kowace kurɓa da shaidarta.
Ya turo tambulan gabana da hannun mai rawa,
ya ɗaga murya wajen shinge:
"Quirin, bar wannan ƙusar, zo ka ji alkamarka."

Na sauka ɗakin ƙasa ɗauko wasu biyu.
Kumfa na maƙale a gashin bakinsa.
Ban gaya masa ba.